Shekara 30 da fitar "All Eyez on Me": waƙar da muka riƙa tsallakewa a kaset ɗin Tupac

Ranar Talata 13 ga Fabrairun 1996 babu wanda ya san da zancen a layinmu na Nima. Muna cikin goman ƙarshe na azumi, hankalin kowa yana wurin tela da kayan Sallah. Mu samari kuwa har lokacin ba mu huce ba daga cin 3 da nema da Afirka ta Kudu ta yi wa Black Stars a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka. A wannan rana ce, can a Amurka, kamfanin Death Row ya fitar da kundin waƙoƙin Tupac Shakur mai suna "All Eyez on Me", wato duk idanu suna kaina.

Bai iso hannunmu ba sai bayan Babbar Sallah. Yayan wani abokinmu ne, cikin 'yan boga da ke zuwa gida daga Jamus, ya zo da shi a faifan CD guda biyu cikin gida ɗaya. Duk layin babu mai na'urar kunna CD. Muka ɗauki abin nan kamar ƙwai muka kai wa mai rikodin kaset na bakin kasuwa, muka tsaya a kansa har ya gama, don yayan ya ce in faifan ya karce to kada ƙanen ya dawo gida.

Bana shekara 30 ke nan cif. Na ga yara suna ta saka hoton mutumin a Facebook da TikTok, yaran da ko auren iyayensu ba a yi ba lokacin da aka harbe shi. Shi ya sa na ce bari mu da muka ga zamanin da idonmu mu faɗi yadda abin ya kasance, da daɗinsa da kuma abin da ya ci mana.

Kaset biyu, biro ɗaya

Wanda ya tashi da waya a hannu ba zai gane wahalar ba. Waƙoƙi 27 ne a kundin, 14 a faifan farko, 13 a na biyu, tsawonsu duka ya haura awa biyu. Kaset mai minti 60 ba ya ɗauke faifai ɗaya, dole sai mai minti 90 guda biyu. Da aka gama sai wuri ya rage a ƙarshen kowane kaset, mai rikodin ya ce ba ya barin kaset da yunwa, ya cike mana da Lucky Dube. Har yau akwai abokinmu da in ya ji waƙar ƙarshe ta faifan farko kunnensa yana jiran rege ta biyo baya.

Rakoda ɗaya gare mu a bes ɗinmu, wato dandalin da muke zama shan ataya bayan Isha'i. Batir shi ne babban tashin hankali. In an ɗauke wuta sai a yi karo-karo a sayo, in ya fara sanyi muryar Tupac ta koma kamar ta tsoho mai jin barci, sai a ciro a shanya a rana, wai zai farfaɗo. Ba a yarda kowa ya mayar da kaset baya da rakoda ba, don yana shan batir. Biro ake zura wa a ramin kaset a yi ta juyawa a iska har hannu ya gaji. In zaren ya tsinke kuma, a nemo jan farcen yayar wani a liƙe.

A lokacin gidajen rediyon FM masu zaman kansu sun fara buɗewa a Accra, Joy FM ta fara aiki a 1995, kuma sukan saka "California Love". Amma jin waƙa ɗaya a rediyo daban, mallakar kundin gaba ɗaya daban. Duk bes ɗin da ke da kaset ɗin nan yana da abin taƙama. Sai ka ga yaro ya taso tun daga Mamobi ko Newtown da sabon kaset a aljihu yana roƙon a kwafa masa. Kwafi kan kwafi, har sautin ya koma kamar ana soya ƙosai a bayan mawaƙin, amma haka ake ji ana kaɗa kai.

Turancin kuwa, gaskiya ɗaya ce, ba ji muke yi ba. Muna Turanci a makarantar boko, amma na Tupac wani abu ne dabam, ga sauri ga kalmomin titi. Akwai mai littafin rubutu guda da ya keɓe, a kunna layi ɗaya a tsayar, a yi gardama a kan abin da ya ce, a rubuta. Shekaru bayan haka da intanet ta zo na gwada abin da muka rubuta da ainihin kalmomin, na yi dariya har da hawaye. Ko rabi ba mu dace ba.

Mutumin da ya fito daga kurkuku da yunwa

Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne halin da aka yi kundin a ciki. An haifi Tupac ranar 16 ga Yunin 1971 a New York. Mahaifiyarsa Afeni Shakur 'yar ƙungiyar Black Panther ce, masu fafutukar 'yancin baƙar fata, kuma da cikinsa ta tsaya gaban kotu ta kare kanta a shari'ar da aka yi wa mutanen ƙungiyar, aka sallame ta wata guda kafin ta haihu. Sunan Tupac Amaru kuwa na wani jagoran tawaye ne a ƙasar Peru wanda Sifaniyawa 'yan mulkin mallaka suka kashe a 1781.

Mu abin da ya ɗauke mana hankali shi ne Shakur. Duk wanda ya zauna gaban malam ya san kalmar, mai yawan godiya, kuma tana cikin sunayen Allah kyawawa. Sai muka yanke hukunci da kanmu cewa ai mutumin namu ne, Musulmi ne. An sha musu a kan haka har a raba dare. Alhali sunan ya zo masa ne ta wajen mahaifiyarsa da mijinta Mutulu Shakur, daga zamanin da 'yan gwagwarmayar baƙar fata ke yar da sunayen da suka gada daga bauta suna ɗaukar na Afirka da na Larabci. Shi kansa ƙaton gicciye ne zane a gadon bayansa.

Ranar 30 ga Nuwamban 1994 aka harbe shi sau biyar a harabar wani ɗakin ɗaukar waƙa a New York, ya tsira. Washegari kotu ta same shi da laifin cin zarafin wata mace ta hanyar lalata, a watan Fabrairun 1995 aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya da rabi zuwa huɗu da rabi. Yana tsare kundinsa "Me Against the World" ya fito ya hau matsayi na ɗaya a Amurka. A cikinsa ne waƙar "Dear Mama" take, wadda ya yi wa mahaifiyarsa.

Ya ɗaukaka ƙara, amma kuɗin beli dala miliyan 1.4 ne, shi kuma ba shi da su. Nan ne Suge Knight, shugaban Death Row, ya shigo. Aka shirya belin, shi kuma ya sa hannu zai yi wa kamfanin kundi uku. A watan Oktoban 1995 ya fito daga kurkukun Clinton da ke jihar New York, ya wuce Los Angeles, ya tare a ɗakin ɗaukar waƙa na Can-Am. Waɗanda suka yi aiki da shi sun sha ba da labarin yadda yake rubuta waƙa nan take ya shiga ya rera, a wuce ta gaba, ba ya son a ɓata masa lokaci da gyare-gyare. Cikin 'yan makonni aka tara mafi yawan abin da ke kundin. Da yake faifai biyu ne, an lissafa shi a matsayin biyu cikin ukun da ake binsa. Ka ga ashe wani ɓangare na wutar da muke ji a muryar, ta mutum ce mai gaggawar biyan bashi.

Ga kuma manyan da aka tara masa. Dr. Dre ya haɗa kiɗan "California Love", da Roger Troutman mai rera waƙa da bututu a baki har muryarsa ta fito kamar ta na'ura. Snoop Dogg yana cikin "2 of Amerikaz Most Wanted", K-Ci da JoJo suna cikin "How Do U Want It". Johnny J da Daz Dillinger suka haɗa kiɗa da yawa, DJ Quik ma ya sa hannu. A makon farko an sayar da kwafi 566,000, ya hau saman jerin Billboard. A 2014 aka ba shi shaidar lu'ulu'u, wadda ake bai wa kundin da ya kai miliyan 10 a Amurka, inda ake ƙirga kowane faifai cikin biyun daban.

Hankici a ka, wando a ƙugu

A bes ɗinmu akwai aminina, tare muka yi allo, tare muka shiga boko, gidansu yana kallon namu. Ba zan kama sunansa ba don yanzu mutum ne mai jama'a. Duk cikinmu babu wanda Tupac ya shiga jikinsa kamarsa. Ya aske kai tal, ya samo hankici yana ɗaurawa da ƙullin a goshi, ya je Kantamanto ya tono wandon jins da mutum biyu za su shiga. In zai gaisa da kai sai ya murɗe yatsu ya yi alamar W, wai shi ɗan gaɓar yamma ne, alhali iyakar yammacin da ya taɓa zuwa ita ce Kasoa.

Ban manta ranar da babansa ya tare mu a ƙofar gida ba. Ya dubi ɗan tun daga sama har ƙasa, ya juyo gare ni.

"Kai, zo nan. Wannan abokin naka ciwon kai yake yi ne?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To me ya sa ya ɗaure kai kamar mai jego? Kuma wandon nan na wane ne ya ara?"

Muka sunkuyar da kai. Tsohon ya ce, "Ku dai ku bi a hankali. Wanda kuke kwaikwayon nan, uwarsa tana barci kuwa?" Ya shige masallaci ya bar mu. Muka jira ya yi nisa muka fashe da dariya.

Ba mu kaɗai ba ne. A shagunan aski hoton Tupac yana gefen na Abedi Pele da na Bob Marley. A bayan trotro ka ga an rubuta sunan waƙarsa "Only God Can Judge Me", wato Allah ne kaɗai zai yi mini hukunci, maganar da ta yi daidai da bakin ɗan zango. Kuma akwai dalilin da ya sa abin ya kama mu haka. Yaron Nima ya san yadda ake kallonsa in ya faɗi unguwarsu a wurin neman aiki. Ya san yadda motar 'yan sanda ke shigowa a kwashe duk wanda aka samu a zaune. Sai ga wani baƙin mutum a ƙasar da ta fi kowace ƙarfi, ya fito daga irin unguwar da ake raina wa, yana magana da ƙirji a buɗe, duniya tana saurare. Ko ba ka ji kalmomin ba, ka ji wannan.

Ta 12 da ta 13

A faifan farko, "California Love" ita ce waƙa ta 12. Ita ce ta rawa, ita kowa ke jira. Da ta ƙare sai a ciro kaset a sa biro a mayar. Wadda ke bin ta, ta 13, tana farawa ne da fiyano mai sanyi, sai wani ya ce, "Kai, cire mana wannan ta matan." Haka muka yi watanni muna tsallake "I Ain't Mad at Cha", ma'ana ba na fushi da kai.

A daren 7 ga Satumban 1996, bayan damben Mike Tyson da Bruce Seldon a Las Vegas, aka buɗe wa motar da Tupac ke ciki wuta, Suge Knight ne ke tuƙi. Ya yi kwana shida a asibiti, ya mutu ranar 13 ga wata yana da shekara 25. Wata bakwai daidai da fitar kundin. Mu a rediyo muka ji. Da farko ba wanda ya yarda, aka ce ai an taɓa harbinsa ya tashi. Har shekaru bayan haka akwai masu rantsuwa cewa yana Kuba a ɓoye. Wata shida bayan nan, ranar 9 ga Maris 1997, aka kashe Notorious B.I.G. a Los Angeles, tsohon abokinsa da suka koma abokan gaba, shi kuma yana da shekara 24.

A tsakanin nan ne namu ya same mu a gida. Rigima ta tashi tsakanin wasu bes biyu a kan abin da bai kai ya kawo ba, aka fito da wuƙaƙe da kwalabe. Wani yaro da muke ƙwallo tare ya kwana a asibiti, bai ƙara tafiya daidai ba. Aminina yana wurin, bai sari kowa ba, amma shi ya ɗauki yaron a kafaɗa, jinin ya jiƙa masa riga. Bayan kwana uku ya zo bes ba hankici. Bayan mako biyu ya daina zuwa. Sai muka riƙa hango shi a sahun gaba, daga baya aka ce ya koma karatu wurin wani malami, kafin shekara ta zagayo ya tafi arewa neman ilimi.

Abin da muka yi masa shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Muka sa masa suna Ustaz cikin gatse. In ya wuce sai a ƙara ƙarar rakoda. Ni da kaina na ce masa, "Kai dai tsoro ne ya kama ka, ba wani tuba." Ya dube ni kawai ya ce, "To, na ji." Ranar da zai tafi ya aiko ƙanensa da kaset biyun nan a leda, ya ce a ba ni. Ban je rakiya tasha ba.

Sai da na shekara biyu ko uku, Turancina ya ɗan nuna, wata rana ina kwance ni kaɗai na bar kaset ɗin ya wuce ta 12. A baitin farko na ta 13, Tupac yana magana ne da wani abokin tasowarsa da suka yi rashin ji tare. Abokin ya musulunta, ya bar harkar titi da neman mata, ya kama masallaci, yana shirin aure. Tupac yana jin zafin rabuwar, har yana ɗan tsokanarsa, amma ƙarshen maganarsa ita ce ba ya riƙe da shi a zuciya, yana yi masa fatan alheri. Na tashi zaune. Na mayar na sake ji, wannan karon da rakodar, ban damu da batir ba.

Wato mutumin da muke kwaikwayo, wanda muka ɗauka ba ya ja da baya ga kowa, ya san yadda ake sallamar aboki in ya zaɓi wata hanya. Mu da muke Musulmi, 'ya'yan Musulmi, muka kasa yi wa namu abin da shi ya yi wa nasa. Maganar tana cikin kaset ɗin da ke aljihunmu, mun yi ta juya biro muna tsallake ta.

An ɗauki bidiyon waƙar tun yana raye, aka fito da shi kwanaki kaɗan bayan mutuwarsa. A ciki an nuna an harbe shi, ya cika a motar asibiti. Akwai kuma wani abin da ya biyo baya da ya dace a sani. Cikin yaran Tupac na ƙungiyar Outlawz, waɗanda muryoyinsu ke kundin, akwai Mutah Beale da ake kira Napoleon. Bayan wasu shekaru ya rungumi addini da gaske, ya bar waƙa, ya koma Saudiyya da zama, yana yawo ƙasashe yana yi wa matasa magana a kan rayuwar da ya baro.

Kada mu yi wa kanmu ƙarya

Tuna baya yana da daɗi, amma yana da son rufe ido. Wanda ya ce kundin nan wa'azi ne ya yi ƙarya. Mafi yawansa kirarin kai ne, da kuɗi, da giya, da barazana ga abokan gaba, da zagin mata irin wanda ba zan iya fassara wa 'yata ba. Tun a can Amurka an yi ta faɗa a kai. C. Delores Tucker, wata dattijuwa baƙar fata 'yar fafutuka, ta yi ta yaƙi da irin waɗannan waƙoƙi, kuma matsin lambar da ita da wasu 'yan siyasa suka yi na cikin abin da ya sa kamfanin Time Warner ya sayar da hannun jarinsa na Interscope, abokin hulɗar Death Row, a 1995. Tupac ya rama ta hanyar kama sunanta a cikin kundin. A lokacin mun ɗauka jarumta ce. Yau da na kai shekarun da na kai, na san matar tana da abin faɗa.

A yankinmu ma an ga inda abin ya kai. A yaƙin Saliyo 'yan jarida sun ba da labarin mayaƙa matasa sanye da riguna masu hoton Tupac, kuma akwai gungun da ya kira kansa West Side Boys, wanda ya yi garkuwa da sojojin Birtaniya a shekarar 2000. Ba Tupac ne ya ba su bindiga ba, ba shi ya haddasa yaƙin ba. Haka nan ba kaset ne ya sa wuƙa a hannun yaran layinmu ba, rashin aiki da raini da zuciya sun riga shi zuwa. Amma ya ba fushinmu tufafi da taken tafiya, ya sa abin ya yi mana kyau a ido. Wannan kam ba a musu.

Shi kansa bai tsira ba. Bahaushe ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. An shekara 27 ba a gurfanar da kowa ba, sai a watan Satumban 2023 'yan sandan Las Vegas suka kama Duane Davis, wanda ake kira Keefe D, aka tuhume shi da hannu a kisan. Afeni ba ta ga wannan rana ba, ta riga ta mutu a 2016. Tambayar da baban aminina ya yi mana a ƙofar gida, ko uwarsa tana barci, ita ce tambayar da ta fi duk abin da muka rubuta a littafin nan namu ma'ana.

Abin da ya bar mana

Duk da haka ba zan ce asara muka yi ba. Daga kwaikwayo aka fara, amma ba a nan aka tsaya ba. Shekara guda bayan kundin Tupac, a 1997, Reggie Rockstone ya fitar da "Makaa Maka" yana rap da Twi, abin da aka sa wa suna hiplife. Sai yara suka farga cewa ashe ba dole sai da Turancin da ba ka iya ba. A nan Nima ƙungiyar VIP ta taso daga irin bes ɗin da muke zama, suna cakuɗa Hausa da Twi da Turancin titi, har suka kai ga "Ahomka Womu" a 2003, wadda ta zagaye Afirka ta Yamma. Ranar da na fara jin Hausar zango a rediyon FM, cikin waƙar da 'yan Osu da East Legon ke rawa da ita, na ji wani abu da Tupac bai taɓa ba ni ba. Amma shi ya nuna mana ƙofar, cewa unguwar da ake raina ka dominta ita ce abin da za ka riƙe da alfahari.

Yau ga 'yan asakaa a Kumasi, ga Black Sherif, yaron zangon Konongo, wanda ya karɓi kyautar BET a 2023. Yaranmu suna jin su a waya, ba biro ba batir. Mu kuma mun zama masu tsayawa a ƙofar gida muna tambayar wandon wane ne aka ara.

Aminina ya dawo bayan shekaru, yana koyarwa a makarantar Islamiyya, yana kuma da shagon kayan gini. Mun daɗe muna gaisuwar nesa-nesa. A wurin sunan 'yar wani abokinmu ne muka samu kanmu a benci ɗaya, na daure na ce masa, "Malam, akwai maganar da na faɗa maka tun 1996, tana damuna."

Ya ce, "Wacce ciki? Ai da yawa ka faɗa."

Muka yi dariya. Na ba shi labarin waƙa ta 13. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai sai yanzu ka ji ta? Ni tun kafin in tafi wani ya fassara mini. Ka ɗauka don me na aiko maka da kaset ɗin?"

Ban sami abin cewa ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Bar shi, ɗan'uwa, ya wuce. Yarinta ce."

Shi ba ya jin kiɗa yanzu, kuma bai ɓoye mini ra'ayinsa a kai ba. Amma ya gaya mini abin da yake yi da babban ɗansa, wanda ya kama shi da abin ji a kunne yana kaɗa kai. Bai fasa wayar ba. Ya zaunar da shi ya ce, "Fassara mini abin da yake cewa, layi bayan layi." Yaron ya fara, ya kai wani wuri ya tsaya, ya kasa ɗaga ido. Uban ya ce, "To ka ji. Abin da ba za ka iya maimaitawa gaban babanka ba, ka yi tunani kafin ka zuba shi a kanka. Wanda kuma ka ji yana da amfani, ka riƙe." Ya ce da a ce an yi mana haka a lokacinmu maimakon zagi da dariya, da wataƙila mun ji ta 13 tun da wuri.

Kaset biyun suna nan a akwatina, rubutun biro na jikin takardar ya kusa gogewa, na biyun ma zaren ya cinye. Babu rakodar da zan kunna su a gidan. Kwanan baya ƙaramar 'yata ta gan su ta ce, "Baba, wannan mene ne?" Na ce mata saƙo ne wani ya aiko mini, na yi shekaru ban buɗe ba. Azumi ya ƙarato, na riga na gaya wa Malam cewa buɗa-bakin farko a gidana zai yi, in Allah ya kai mu.